Share-laka: littafin aikin gina dabbar da aka ɗauka gizo-gizo ce

Tawa, Asabar 9 ga Nuwamba 2024

Bana ba a koma lakwal ba sai 28 ga Oktoba saboda ambaliya, don haka komai a guje muke yin sa. Ban yi niyyar ɗora wa kaina wani aiki ba. Wani yaro ne a ajin katiriyam ya jawo shi. Ranar Talata ya ajiye mini dutse a kan tebur, kewayayye kamar ƙwallon goruba da aka danne, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa. A tudun garinsu ya tsinto shi, wajen Keita. Ya ce, "Mushe, wa ya zana wannan?"

Na gaya masa ba hannun mutum ba ne, ɓawon wata dabbar teku ce mai ƙaya da ya zama dutse, tun lokacin da teku ke kwance a kan Adar. Magana ta ja magana, sai na buɗe musu hoton wani burbushin a wayata. Tun ban rufe baki ba aji ya ɗauka: gizo-gizo! Na ce da su babban masani ma haka ya ce, duniya kuma ta yarda da shi shekara 25, alhali dabbar ruwa ce.

Yau yara 14 suka zo, mata tara, maza biyar. Mun yanke shawara za mu gina ta da girmanta na gaskiya, mu kafa ta a lakwal kafin ƙarshen shekarar karatu. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya a nan, ko wani malami zai so ya gwada a ajinsa.

Asabar 16 ga Nuwamba

Yau ba mu taɓa komai ba, labari kawai na ba su, don wanda bai san abin da yake ginawa ba laka kawai yake cuɗawa.

Sunan dabbar Megarachne servinei. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta babban gizo-gizo. An haƙo ta a wani kwari da ake kira Bajo de Véliz, cikin lardin San Luis na Ajantina, a duwatsun da suka kwanta a gindin wani tabki shekara kimanin miliyan 300 da suka wuce. A 1980 wani masanin burbushin halittu ɗan ƙasar, Mario Hünicken, ya bayyana ta ya sa mata suna. Ya auna jikin ya ce ya kai santimita 33.9, buɗin ƙafafu kuma santimita 50. Gizo-gizo mafi girma da ke raye yau, na dazuzzukan Kudancin Amurka, buɗin ƙafafunsa bai wuce santimita 30 ba. Ke nan an sami sarkin gizo-gizon duniya. Aka yi ta zuba kwafinsa ana kai wa gidajen tarihi na ƙasashe.

Abin da ya fi ɗaure wa yaran kai shi ne, dutsen na asali an kulle shi a ma'ajiyar wani banki. Masana ba su samun ganinsa, sai dai kwafin. Tun wajen 1989 wasu suka fara cewa anya kuwa, don akwai abubuwan da ba su yi kama da na gizo-gizo ba, amma wa zai yanke hukunci a kan abin da bai riƙa a hannu ba? Sai da dutsen ya koma gidan tarihin jami'ar Kodoba, can Ajantina, aka kuma sami na biyu a wuri guda, sannan a 2005 Paul Selden na Birtaniya da José Corronca suka sake dubawa. Suka ce wannan ba gizo-gizo ba ne, ɗaya ce daga dangin da ake kira Eurypterida, waɗanda Turawa ke yi wa laƙabi da kunamun teku.

Na dakata a nan na sa su kula da wani abu. Mutum uku ne suka sa hannu a wannan gyara, kuma na ukun Hünicken ne da kansa. Dattijo ya sa sunansa a takardar da ta rushe abin da aka san shi da shi shekara 25. Ni wannan ne ya sa na zaɓi dabbar nan a kan sauran.

Wata yarinya ta ce, "To Mushe, wannan karon ba Gizo ya yi wayo ba, sunansa aka ara." Aka yi dariya. Sunan dai ya zauna har yau, don a ƙa'idar masana sunan farko ba ya canjawa ko da ma'anarsa ta zama kuskure.

Lahadi 24 ga Nuwamba

Kasuwa. Na sayi waya mai kauri, ragar kaji mita ɗaya, da ƙaro. Jika huɗu da dala ɗari suka tafi, daga aljihuna. Na kai wa mai walda na bakin titinmu zane don ya haɗa mana ƙashin ƙarfe. Ya ce Asabar ta sama.

Asabar 7 ga Disamba

Ƙashin ya zo, kuma kunama ce sak. Ƙafa takwas, manyan almakasai biyu a gaba, wutsiya a lanƙwashe sama da ƙari a bakinta. Aikin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba dabbarmu ba ce. Laifina ne. Zanen da na ba shi a gaggauce na yi, kuma da bakina na ce masa "kamar kunama". Bawan Allah ya cika mini abin da ya ga na bari.

Na mayar da hasarar darasi. Muka ajiye ƙarfen a tsakiyar aji muka bi shi gaɓa-gaɓa. Fara, kunama, gizo-gizo, ƙaguwa, shanshani da ƙadandoniya duk gida ɗaya ne: ba su da ƙashi a ciki, ɓawo ne a waje, ƙafafu gaɓa-gaɓa, kuma in za su girma sai sun yi saɓa. Shi ya sa da yawa daga burbushin dangin nan ba gawa ba ce, rigar da aka tuɓe ce. A cikin wannan babban gida, dabbarmu ta fi kusa da kunama da gizo-gizo fiye da ƙaguwa, amma ɗakinta daban. Tana da ƴan ƙananan almakasai biyu a bakinta, sannan ƙafafu biyar-biyar a kowane gefe. Wasu danginta ƙafarsu ta ƙarshe faffaɗa ce kamar filafilin jirgin ruwa, da ita suke iyo. Reshen da tamu ta fito ba su da wannan, tafiya suke yi a gindin ruwa.

Da la'asar na koma wurin mai walda da zane mai awo. Na ce, "Maigida, ka yi haƙuri, ni na ɓata maka aiki." Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wannan abin ka taɓa ganinsa?" Na ce babu ɗan Adam da ya taɓa ganinsa da rai. Ya yi shiru, can ya ce Allah mai iko, kuɗin gyara a bar shi. Kunamar kuma mun riƙe ta, za ta tsaya a gefe don masu kallo su ga bambancin.

Asabar 21 ga Disamba

Wannan ce rana mafi muhimmanci tun da muka fara.

Muna naɗa raga a kan ƙarfe, yarinyar da ke riƙe da ma'auni ta tsaya tana duba hoton dutsen, tana duba zanena. Ta ce, "Mushe, a dutsen ban ga wutsiya ba. Ina kuka samo ta?"

Gaskiyarta. Abin da dutsen farko ya riƙe kaɗan ne: ɓawon kai, faranti biyu na farkon baya, da guntayen ƙafafu. Farantin farko siriri ne. Na biyun babba ne, kewayayye kamar faifai, kuma shi ne ya ruɗi mutane, don in ka kalle shi a bayan kai sai ka rantse tumbin gizo-gizo ne. Abin da aka ɗauka manyan haƙora ne a gaba ashe gaban ɓawon kan ne. Har hoton da aka ɗauka da na'urar ganin ciki, wanda aka ce ya nuna gaɓoɓin gizo-gizo a ɓoye cikin dutsen, da aka sake dubawa ba gaɓoɓi ba ne. Sauran jiki kuwa, daga bayan faifan nan har wutsiya, babu shi.

To ina aka samo tsawon santimita 54 da ake faɗa? Daga ƴar'uwarta, Woodwardopterus, da aka samu a Sikotland, wadda ita ma ke da wannan babban faranti kuma jikinta ya fi cika. An auna rabon kai da jiki a wurinta, aka kwatanta. Ƙiyasi ne mai hujja, amma ƙiyasi ne. Kamannin ya kai har wasu masana na ganin mai yiwuwa su biyun da wata ta uku, Mycterops, dabba ɗaya ce a matakan girma daban-daban.

Na tambaye su me za mu yi. Wasu suka ce mu gina abin da ke cikin dutsen kaɗai. Wani ya ce to ai mutane za su sake cewa gizo-gizo. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wannan: za mu gina ta cikakkiya, amma da launi biyu. Duk abin da dutse ya shaida, jan ƙasa. Duk abin da aka aro daga ƴar'uwa, farar ƙasa. Mai kallo zai ga da idonsa inda shaida ta ƙare.

Na daɗe ina koyarwa, kuma a littattafanmu ana kawo zanen dabbobin da cikakku, da launi da ido da komai, yaro ya ɗauka hotonsu aka ɗauka. Ban taɓa tunanin raba musu abin gida biyu ba sai yau da yarinyar nan ta tambaya.

Asabar 4 ga Janairu 2025

Yumɓun da muka shafa kafin hutu ya tsage kaca-kaca. Hunturu ya busar da shi kwana biyu, faifan ya rabu uku. Yara biyu har da ƙwalla.

Kakar ɗaya daga cikinsu maginiyar tukwane ce, muka kwashi tarkacen muka je gidanta. Ta ɗauki guntu ta murza a yatsu, ta ce, "Ɗana, wa ya ce maka ana ginin yumɓu tsurarsa?" Na ce, "Inna, ba wanda ya ce, rashin sani ne." Ta nuna mana yadda ake daka tsingaro a tankaɗe a cuɗa, a ƙara ƙaiƙayi, a bar shi ya kwana. Ta ce a shanya a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, kada iska ta taɓa shi sai a hankali. Ta kuma ce yumɓu a kan ƙarfe ba ya zama lafiya, don shi yana tsukewa in ya bushe, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake.

Saboda haka tsari ya canja. Kai da faranti biyu za a gina su da yumɓu zalla a gasa, ita za ta sa mana su cikin gashinta. Sauran jiki da ƙafafu, takardar buhun siminti da ƙaro a kan raga. Abin ya zo daidai da launukanmu ba da shiri ba: abin da aka tabbatar yumɓu gasasshe, abin da aka ƙiyasta takarda.

A kan bayan ƙwarya muka gina kan, a kan faifai na gaske muka gina farantin. A tsakiyar kan akwai ɗan tudu tsakanin idanu biyu, faɗinsa santimita ɗaya da rabi. Inna ta yi shi da babban yatsa, taɓawa ɗaya.

Asabar 18 ga Janairu

Samarin ajin sun zo da shawara: mu ɗauki diga mu hau tudu, mu ma mu nemo tamu. Na ji daɗin zafin nasu, amma dole na gaya musu gaskiya. Duwatsun Adar, irin farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, yara ne a kan dabbarmu. Shekarunsu wajen miliyan 60 zuwa 70, kuma na teku ne. Dangin nan kaf sun ƙare tun shekara miliyan 252 da suka wuce, a babbar halakar da ta share mafi yawan halittun duniya. Ko ƙattin dabbobin da, wato dinoso, da aka haƙo a Gadufawa cikin jihar Agadas, irin Ouranosaurus da ke tsaye a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, shekarunsu wajen miliyan 110 ne. Sa'ad da suke kiwo a bakin kogi, dabbarmu ta riga ta daɗe da zama dutse.

Amma ba mu rasa alaƙa da zamaninta ba. Ana kiransa zamanin gawayi, don a cikinsa dazuzzukan fadama suka rufta suka zama mafi yawan gawayin ƙasa na duniya, kuma gawayin da ake haƙa a Anu-Araren kusa da Cirozerin na wannan babban zamani ne. Sannan na raba musu taswira da almakashi. Suka yanke Afirka, suka yanke Kudancin Amurka, suka matsa su. Ƙugun Barazil ya shige mashigin Gini kamar marfi da tukunya. A wancan lokaci ƙasa ɗaya ce, Gondwana, babu tekun Atilantika a tsakani. Na ce da su daga nan inda muke zaune har tabkin da dabbar ta rayu, da ƙafa ake zuwa, ba a tsallake teku. A nahiyarmu ma an sami wata babbar ƴar'uwarta a duwatsun Afirka ta Kudu.

Yaron da ya kawo dutsen Keita ya riƙe takardun biyu a haɗe har aka tashi.

Asabar 1 ga Fabrairu

Rigimar suna. Ba za mu kafa abu a Tawa da sunan da iyaye ba za su iya faɗa ba.

Kunamar teku, aka ƙi, don ba a teku ta zauna ba. Duwatsun da aka same ta cike suke da ganyaye da ƙwari na tudu, alamar ruwan daɗi ne. Kunamar tabki, wata ta ce ai ba ta harbi, kuma mun ga abin da kalmar kunama ta jawo mana wurin mai walda. Gizon ƙarya ya sami magoya baya, amma ni ban so shi ba, don dabbar ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Sai na bayyana musu yadda take ci. A ƙafafunta na gaba akwai wasu faffaɗan ƙayoyi jere kamar haƙoran mashaci. Da su take sharar laka mai taushi a gindin ruwa, tana tace ƴan ƙananan halittu tana turawa baki. Wani yaro ɗan Tabalak ya miƙe ya kwatanta da hannu yadda suke laluben kifi cikin laka in tabki ya ja baya, yatsu a buɗe, ana jan su a hankali. Ya ce, "To ai share-laka ce." Aka kaɗa ƙuri'a, 11 cikin 14.

Kafin a tashi muka auna danginta da alli a ƙasan aji. Tamu, santimita 54, bai fi tsawon ɗan akuya ba. Hibbertopterus na Sikotland ya kusa mita biyu, kuma a 2005 an bayyana sawunsa a kan dutse, tsawon mita shida, inda ya ja jiki a wajen ruwa, da layin da wutsiyarsa ta bari a tsakiya. Babban su duka, Jaekelopterus na Jamus, an ƙiyasta shi mita biyu da rabi daga almakashi guda mai santimita 46. Mafi tsawon ajin ya kwanta a kan layin, bai kai ba. Yarinyar ma'auni ta ce a wannan ma almakashin ne kawai ja, sauran fari. Ba ni na tuna mata ba.

Asabar 15 ga Fabrairu

Mahaifin wata ɗaliba ya aiko cewa bai yarda ƴarsa ta sa hannu a ƙera siffar abu mai rai ba. Na je gidansa bayan la'asar, muka gaisa, aka kawo ruwa. Na ce, "Alhaji, kayan koyarwa ne, kamar taswira." Ya saurare ni har ƙarshe cikin mutunci, ya ce ya ji, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ban ja da shi ba, ƴarsa ce. Muka daidaita a kan ta bar yumɓu ta koma rubuta allunan bayani, da Hausa da Faransanci. Rubutunta ya fi na kowa kyau a ajin, kuma tana nan tare da mu.

Asabar 22 ga Fabrairu

Sabon kai da farantai sun bushe rabi ba tsaga ko ɗaya. Yau muka yi musu ado, wanda a gaskiya ba ado ba ne, shi ne hujjar. Ɗaya daga abubuwan da suka tona asirin dabbar a 2005 shi ne fatarta: cike take da ƴan tabo masu siffar jinjirin wata da ƴan tsinaye, irin waɗanda aka sani a jikin wannan dangi, gizo-gizo kuwa ba shi da su. Mun gwada farce, ya yi zurfi. Mun gwada bakin cokali, ya yi girma. Karan dawa da aka tsaga biyu shi ya ba da daidai. Yara huɗu suka zauna awa uku suna dannawa ɗaya bayan ɗaya, wayata a tsakiyarsu suna duba hoton, har batir ya mutu.

Inna ta karɓe su da yamma, ta jera a zaurenta, ta hana jikokinta kusantar wurin.

Asabar 8 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya fara, mun mayar da haɗuwa ƙarfe takwas na safe, awa ɗaya kawai.

Gashi ya yi. Kan ya fito ja jawur, da baƙin tabo a gefe ɗaya inda wuta ta lashe shi. Faifan ya ɗan karkace kaɗan, amma ya zauna a mazauninsa. Siririn farantin ne ya karye biyu, mun liƙa da ƙaro. A ɓangaren takarda, gara ta shiga ɗakin ajiya ta cinye ƙafa biyu na hagu, sai mun sake su. Yanzu a rataye jikin yake da igiya a jikin azara.

Abin da ya rage: ƙafa biyun nan, shafa farar ƙasa, da akwatin da za a zuba yashi da busasshiyar laka a ɗora ta. Muna kuma gardama a kan ƙafafu, don a dutsen guntaye ne, kuma yara na so a shafa ja daidai inda guntun ya tsaya, fari daga nan zuwa ƙarshe. Wannan yana bukatar hoto mafi haske fiye da wanda ke wayata. Na roƙi wani abokin aiki a Yamai ya buga mana shi a babbar takarda ya aiko a mota. Ya ce sai bayan Sallah.